Gawar Kofur Barau

Kofur Barau ya tafi yaƙi bai dawo ba. Matarsa Kande ta je wurin kwamandan bariki neman haƙƙinsa.

Kwamanda ya ce, "Doka ce, ba a biya sai an ga gawa. Kuma ki kwashe kayanki, gidan bariki na masu rai ne."

Kande ta ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe! Tunda ba gawa, ashe maigidana yana raye. Bari in koma ɗakinsa in jira shi."

Kwamanda ya bugi tebur. "Ke, mutumin nan ya mutu! A gabana ya faɗi!"

Ta share hawaye, ta ce, "Allah ya jiƙansa. To yallaɓai, tunda kai ka gani, sai a biya."