Jitar Da Ba A Ji Muryarta Ba

Akwai wani makaɗi a Ketare da ake kira Ɗanhausa. Hannunsa na da daɗi, sai dai shegen son a gani ya yi masa katutu. Tun da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa, ba abin da ke ciyar da gidansa sai wata jitar lantarki mai araha da ya saya a Ƙanƙara. Fentinta ya koɗe, amma idan aka jona ta da sifika har tsofaffi sai sun gyaɗa kai.

Wata rana a wurin biki wani ya yi dariya ya ce, "Wagga ai jitar 'yan koyo ce." Maganar nan ta hana Ɗanhausa sukuni.

Ranar kasuwar Yankara ya haɗu da wani baƙo riƙe da jar jita mai ƙyalli. Babu wuta a wurin balle a gwada ta, shi kuwa ido ya riga ya rufe. Ya miƙa tasa, ya ƙara da akuyar Kyauta matarsa, aka yi musaya.

"Maigida, ka ji kukanta kuwa?" in ji Kyauta da ya kawo ta gida.

"Ke dai dubi kyawunta! Mi za a ji?"

Ranar Asabar aka kira shi biki a Sabuwa, aikin da yake sa ran zai kai su ƙarshen damina, don buhun masararsu ya kusa ƙarewa. Aka ta da janareta, ya jona, ya kaɗa. Shiru. Ya canza waya, ya murɗa wannan ya murɗa wancan, gumi na zuba, yana roƙon jama'a su ƙara haƙuri. Wani mai gyaran rediyo ya kwance bayanta, ya ɗago ya ce, "Malam, ai babu komi ciki. Katako ne kawai da fenti."

Aka sallame shi hannu wofi. Ya koma Yankara kasuwa uku a jere yana tambayar baƙon kamar zai yi kuka, ba wanda ya san shi. Ranar da ya dawo na ƙarshe ya tarar Kyauta na kakkaɓe buhu, yara sun zuba mata ido.

Darasin da ke nan shi ne, darajar abu tana ga aikin da yake yi maka. Kada dariyar wani ta sa ka raina abin da ke ciyar da kai, kuma kada ka karɓi abin da ba ka gwada ba.