Dawar da Dalhatu Ya Hana Kowa

Akwai wani manomi a Gombe mai suna Dalhatu, gonarsa tana bayan Manawashi, lokacin wurin duk gonaki ne. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne, samari suna jefar da fartanya suna bin mota zuwa Legas. 'Ya'yansa ma sun bi, matarsa ta rasu. Daga shi sai gonar.

Ba wata babbar gona ba ce, amma ko shekarar da ruwa ya yi gardama sai ta cika rumbu. Sirrinta wani irin dawa ne da ya gada wurin uwarsa, mai nuna da wuri. Yana haɗa ta da wake, bayan girbi kuma shanun Fulani su zauna a ciki su bar masa taki. Maƙwabta sun roƙi irin har sun gaji. Cewa yake idan ido ya yi wa abu yawa, albarkarsa guduwa take.

Wata damina aka turo malamin gona, Elias, ɗan Tangale. Aikinsa ya zaga ƙananan gonaki ya gano waɗanda suke ba da amfani ba tare da ƙasar ta gaji ba, don a koya wa saura. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna masa hanyar Dalhatu.

Dalhatu ya kai shi can gefen da tsakuwa ta cinye, ya tsaya ya tare hanyar ciki.

"Baba, an ce min dawarka ta fi haka."

"Surutun mutane ne, ɗana. Abin da ka gani shi ke nan."

Elias ya roƙi ko zangarniya ɗaya a gwada a gonakin wasu. Dalhatu ya ce babu. Elias ya hau babur ya tafi.

Da shekara ta zagayo, ciwon ƙafa ya kwantar da Dalhatu tun ruwan farko. Ba wanda ya shuka masa, don bai taɓa barin maƙwabta su taka gonar ba. Yana kwance damina ta wuce. Ran da ya miƙe ya buɗe rumbu, ƙwari sun mai da irin gari.

Ya ɗauki sanda ya bi gida-gida yana tambaya. Delu, tsohuwar da ke dama masa kunu a jinyar, ba ta raga masa ba.

"Malam Dalhatu, a ina zan samo maka? Sau nawa na zo ka ce in dawo baɗi?"

Har wurin Elias ya je. Elias ya ba shi kujera, ya ce shi ko a ido bai taɓa ganin dawar ba. Ya auna masa wani iri.

Dalhatu ya shuka, dawar ta fito, ta yi daidai gwargwado. Ya tuƙa tuwon da kansa, ya kai loma ɗaya baki, ya ture kwanon. Ba na uwarsa ba ne, kuma babu wanda zai faɗa wa.

Darasi: Alherin da ka kulle a rumbunka kai kaɗai, rana ɗaya yake ƙarewa. Wanda ka raba wa maƙwabta shi ne ajiyarka ta gaskiya. Ku tura wa manoman da kuka sani, musamman masu ɓoyon nan.