Adireshin Aro a Gidan Injiniya

Akwai wani mutum da na sani, mai gyaran firji da fanka, wanda kowa a layinsu ke kira Injiniya. Gaskiya hannunsa na da kyau. Fankar da ta shekara tana kuka, in ya taɓa ta sai ta yi tsit. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: bakinsa bai taɓa iya furta "ban sani ba". Muddin abu na da waya da fulogi, to a ganinsa ɗan gida ne, ba sai ya tambayi kowa ba.

Yana zaune da matarsa da ƙanwarsa, wadda suke kira Auta, a hawan ƙasa na wani bene mai kaurin bango. Sabis ɗin waya ba ya shiga ɗakunan, sai mutum ya fita bakin ƙofar gida yana ɗaga hannu sama. Shi ya sa suka ja intanet ta kebul, wato igiyar waya. Maƙwabciyarsu ta hawan sama, wadda suke ce wa Malama, aikinta ke nan, kuma ita ta haɗa musu rauta, wato ɗan akwatin nan mai raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida. Da ta gama, ta rubuta duk saitin a takarda ta manna a ƙarƙashin akwatin.

Ta ce, "Injiniya, don Allah in za ka taɓa wani abu a ciki, ka fara duba takardar nan, ko ka ɗauki hoton yadda ka same shi."

Ya yi dariya ya ce, "Malama, ni da nake buɗe cikin firji? Wannan ɗan akwatin ai ko fanka ba shi da ita."

Auta ma'aikaciyar jinya ce. Wata uku tana shirin wata ganawar ɗaukar aiki da wani babban asibiti, wadda za a yi ta bidiyo ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Sun rubuto mata ƙarara cewa duk wanda ya makara da minti goma sha biyar, za a wuce ga na gaba. Shekara biyu tana jiran irin wannan dama, kuma kowa a gidan ya san haka.

Ranar Litinin, wajen ƙarfe goma na safe, Auta ta kunna kwamfutarta ta gwada kyamara da sauti, komai ya yi daidai. Ta bar ta a kunne a kan teburin falo, ta ce ba mai taɓa ta har gobe. Can gefe kuwa Injiniya na kallon wani bidiyo, inda wani mai saurin magana ke koyar da yadda ake ƙara wa intanet gudu. Kafin bidiyon ya kai rabi ya riga ya buɗe shafin saitin rauta a kwamfutarsa.

Abu biyu ya yi. Na farko, akwai wani makunni da ke sa rauta ta riƙa ba kowace na'ura adireshi da kanta. Adireshin nan aro ne, kamar katin shiga na kwana ɗaya: in wa'adinsa ya cika, na'urar ta koma ta karɓi sabo. Injiniya ya kashe makunnin, wai don kada wayoyin baƙi su riƙa shigo masa, ya rubuta wa kwamfutarsa adireshi da hannu, ya ce sauran na gidan zai yi musu daga baya. Na biyu, akwai gurbin da ake sa lambar mai neman suna, wato wanda in ka rubuta sunan shafi yake gano maka inda shafin yake. Ya goge lambar da Malama ta sa, ya zuba wata da mai bidiyo ya ce tana toshe tallace-tallace. Da ya ɗaga akwatin ya ga takardar Malama, sai ya ɓalle ta ya dunƙule ya jefa a kwandon shara, yana cewa ai wannan saitin tsohon yayi ne.

Ya buɗe shafuka biyu, suka buɗe. Shi ke nan fa, gida ya cika da cika-baki.

"Auta, zo ki ga gudu! Ko talla ɗaya babu."

Auta ta leƙo. Ta ce, "Yaya, ka taɓa akwatin ne? Ko dai in tafi gidan ƙawata gobe da sassafe in yi a can? Nasu bai taɓa yankewa ba."

"Gidan wa? Kina da ni a gida ki tafi yawon roƙon intanet? Duba kwamfutarki, ba tana aiki ba?"

Ta duba, tana aiki kuwa, domin adireshin da ta ara da safe bai ƙare ba tukuna. Ta haƙura da zuwa gidan ƙawar, ba don hankalinta ya kwanta ba, sai don ba ta saba musu da yayanta ba.

Da yamma matarsa ta dawo daga aiki. Wayarta ta yi ta juyi, ta ƙi hawa intanet ɗin gida. Ta ce, "Maigida, wayata fa ta ƙi shiga. Ta tsaya, wai tana neman adireshi."

Ya ce, "Wayar nan taki ta girmi firjin da na gyara jiya. Ki kashe ki kunna."

Ta kashe ta kunna, ba ta shiga ba. Ta ce a kira Malama ta duba, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ni a ganina a nan ne ya fi yin laifi, domin matsalar ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da rana tsaka, ya ƙi buɗewa.

Talata ta zo. Auta ta yi shiri tsaf, ta jera takardunta, ta zauna gaban kwamfuta tun ƙarfe tara da rabi. Saura minti uku goma ta cika, ta miƙa hannu za ta danna mahaɗin shiga ganawar da asibitin ya aiko mata, sai alamar intanet ta ɗauke. Wa'adin adireshin jiya ya cika, kwamfutar ta nemi sabo, babu mai ba ta.

"Yaya! Ya ɗauke!"

Injiniya ya taso da ƙarfin gwiwa. Ya zare fulogin rauta ya mayar, fitilu suka dawo kore, amma kwamfutar Auta ko gezau. Ya ce, "Ba komai, karɓi tawa." Ta shiga wasiƙunta a kwamfutarsa, ta danna mahaɗin, sai farin shafi ya fito yana cewa ba a sami wannan wuri ba. Mai neman sunan da ya sa jiya ya ɗauki mahaɗin asibitin a matsayin talla, ya toshe shi.

Matarsa ta ce, "Don girman Allah ka kira Malama."

Ya ce, "Minti biyu kawai. Na san abin da na taɓa."

Ƙarya yake yi, bai sani ba. Ya buɗe wannan shafi ya rufe wancan, duk gurabe sun zame masa iri ɗaya. Ya ɗaga akwatin ya shafa ƙarƙashinsa, sai ragowar gam ya taɓa, kuma sharar jiya an riga an kwashe. Auta ta figi wayarta ta yi bakin ƙofar gida da gudu. Ta danna mahaɗin a wayar, hoto ya fito, ta ga mutum uku zaune, ta yi sallama, sai hoton ya daskare, muryar ta tsinke. Ta sake gwadawa har sau huɗu, tana tsaye a kan titi cikin kayan ganawa, babura na wucewa.

Matar ta hau bene da kanta ta taho da Malama. Malama ta zauna gaban kwamfutarsa, ta kunna makunnin raba adireshi, ta mayar da lambar mai neman suna yadda take. Duka aikin bai wuce minti uku ba. Wayar matar ta yi ƙara a aljihu, kwamfutar Auta ta dawo. Amma agogon bango ya nuna goma da minti ashirin da huɗu, shafin asibitin kuma ya rubuta cewa an rufe wannan ganawa.

Malama ta dube shi ta ce, "Da jiya ka hau sama ka tambaye ni, ko zama ba sai na yi ba."

Auta ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, kuma wallahi da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta haɗa takardunta ɗaya bayan ɗaya ta sa a jaka. Sannan ta ɗago, idonta cike da hawaye, ta ce, "Yaya, ni ban ce sai ka iya komai ba. Da ka ce min ba ka da tabbas, da tun ƙarfe tara ina gidan ƙawata."

Ta rubuta wa asibitin ta ba da haƙuri. Suka amsa cikin ladabi cewa sun riga sun cike gurbin. Har yau Injiniya na gyaran firji, hannunsa kuma na nan da kyaunsa. Sai dai in ka je gidan ka ɗaga rauta, za ka ga sabuwar takarda manne, da rubutun hannunsa, kowace lamba a layinta. Mutanen layi na nan suna kiransa Injiniya, amma tun ranar Auta ba ta sake kiransa da sunan ba, ko da wasa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya aiki ɗaya ba ya nufin ka iya maƙwabcinsa. Kafin ka canza abin da ke aiki, ka rubuta yadda ka same shi, ka canza abu ɗaya ka gwada a kan na kowa, ba naka kaɗai ba, kuma kada ka yi gwaji a jajibirin ranar da wani ya dogara da shi. Wani kuskuren ba ya nuna kansa nan take, sai ya bari ka gama yabon kanka tukuna. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba tun da sauran lokaci, domin sau da yawa girman kan naka ne, amma asarar ta wanda ya yarda da kai ce.