Farin Zanen Iya

A garin Rano akwai wani mai hoto, Ishiyaku, mutum mai basira amma mai kunnen ƙashi. In abu ya shiga ransa, ko sama da ƙasa za su haɗe sai ya yi shi a ranar. Shi kaɗai yake wuni a shagonsa, ba aboki ba abokin shawara, daga shi sai kyamararsa guda ɗaya tilo.

Wata rana ya ga wasu hotuna a waya, ganyen bishiyoyi fari fat, sararin sama baƙi wuluk. Ya bincika ya gano cewa akwai wani haske da idon mutum ba ya gani, ana kiransa infared. A cikin kyamara akwai ɗan gilashin da ke tare shi. In aka cire gilashin, aka maye gurbinsa da baƙin gefen tsohon fim, sai kyamara ta koma ɗaukar wannan hasken kaɗai. Nan take abin ya shiga ransa.

Ana haka sai yayarsa Saude ta zo daga garin Fammar na ƙasar Kibiya da albishir. 'Yarta Jannatu za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar, kuma mahaifiyarsu Iya ta yarda a ɗauke ta hoto. Wannan ba ƙaramin labari ba ne, domin Iya tun da take ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ko jikoki suka ɗaga waya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ta ce sau ɗaya ne, kuma kai za ka ɗauka," in ji Saude. Sai ta hango sukundireba da ƙananan kusoshi a kan tebur. "Me kake shirin kwancewa kuma?"

Ya yi mata bayani yana rawar jiki.

"Don Allah ka bari sai bayan sauka. Kyamarar nan fa ita ke nan gare ka."

"Yaya Saude, ke dai ki zuba ido. Zan yi wa Iya hoton da ba a taɓa gani ba a ƙasar Kibiya."

Tana fita ya kwance kyamarar. Wajen ɓamɓaro gilashin ya tsage gida biyu, ya ture shi gefe ko a jikinsa. Ya haɗa komai, ya hau babur ya nufi hanyar Rurum, ya ɗauki duwatsu da gonakin dawa. Suka fito kamar a mafarki. Daɗi ya rufe shi, har bai tuna ya gwada ta a kan mutum ko tufa ba.

Ranar Asabar gida ya cika. Iya ta fito da zanen saƙinta baƙi, rinin shuni, wanda ta gada daga uwarta, ta yafa shi har ka. Ta zauna a kan tabarma, Jannatu a gefenta riƙe da allon zayyana.

"To Auta, yi maza kafin in sake shawara," ta ce tana murmushi.

Ya danna. Ya dubi bayan kyamarar. Baƙin zanen ya koma fari sol. Fuskar Iya ta yi fari fayau, lallen hannunta ya ɓace, idanunta sun zama ramuka biyu baƙaƙe. Ya so ya ɓoye, amma ta riga ta miƙo hannu.

Ta daɗe tana kallo. 

"Auta," ta ce a hankali, "tun da raina ka naɗe ni a likkafani?"

Ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ya ce zai aro wata kyamarar ya dawo gobe. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta shige ɗaki, ta ninke zanen ta mayar cikin adudu. Ya yi ta zarya Fammar yana roƙo, amsarta ɗaya: "Na riga na ga hotona."

Kafin a girbe dawar shekarar Allah Ya karɓi abarSa.

Saude ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma shirun nata ya fi masa zafi. Yanzu ya sayi wata kyamarar, yana ɗaukar iyayen mutane da kakanninsu, fes da su. In kasuwa ta watse ya rage shi kaɗai a shago, sai kewar Iya ta taso masa, ya buɗe hoton nan guda. Yakan nemi fuskar da ta yi masa murmushi ranar, ba ya samunta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, basira ba tare da haƙuri ba asara ce. Gwaji yana da kyau, amma ba a yin sa a kan abin da ba shi da madadi, kuma shawarar na gaba ba abar yarwa ba ce. Kyamara ana sake saya, amma wata damar sau ɗaya take zuwa. Sauri ya haifi nawa, da-na-sani kuwa ƙeya ce, a baya take.