Aibi na Huɗu a Agogon Malam Nomau

Taƙaitaccen bayani, domin waɗanda za su tashi kafin a kammala. Mai kaya: mutum ɗaya, tsohon masinja. Haja: agogon hannu guda. Abin da aka taya: naira dubu arba'in. Abin da aka sallama: dubu goma sha uku. Dalilin faɗuwar farashi: bakin mai kayan da kansa. Ba a kai ƙara ba, ba a kafa kwamitin bincike ba. Wanda wannan ya wadatar yana iya ɗaukar takalmansa. Sauran jama'a, ku gyara zama.

A wani gari da jirgin ƙasa ya daina tsayawa, a zamanin da naira ke da sauran nauyinta, an yi wani mutum, bawan Allah, ana ce da shi Malam Nomau. Shekara talatin da biyu ya yi yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, bai taɓa buɗe ko ɗaya ya leƙa ba. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi takardar yabo, aka rubuta sunansa ba daidai ba, ya karɓa ya yi godiya.

Iyakar gadonsa a duniya agogon mahaifinsa ne. Mahaifin shi ne mai kula da lokaci a tashar jirgi, wani Bature injiniya ya bar masa agogon ranar da zai koma ƙasarsu. Irin na da ne, ba ya cin batir, sai a murza kansa kowace safiya. Rana ta dafa fuskarsa har ta koma launin zuma.

Matarsa kuwa, Yalwa, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Duniya ta zame mata kamar an cika ƙwarya da nono an ce ta leƙi gari ta ciki. Bayan la'asar sukan zauna gindin darbejiyar tsakar gida, ta ce, "Malam, ara mini jirgin." Sai ya kara mata agogon a kunne. Ta lumshe ido, ta ce ga shi can ya baro gada, ga masu tallan rake sun miƙe, ga hayaƙi ya hau kan ɗorawa. Shi ma sai ya ji kamar ƙasa na rawa a ƙarƙashin tabarma, alhali ciyawa ta daɗe da cinye layin dogo.

Likitan ido na babban gari ya ce ana iya cire yanar. Kowane ido, naira dubu goma sha biyu. Fansho kuma, kun san halinsa: yana nan tafe, kamar jirgin.

Malam Nomau ya nufi wurin Sallau Dillali, wanda ke sayar da komai daga keken ɗinki har tsohuwar ƙofa. Sallau ya juya agogon, ya taɓe baki.

"Baba, wannan ai sai an yi masa kwalliyar amarya. Mu kai a goge shi, a shafa wa fuskar farin fenti, a ce bai fi shekara goma ba."

"Ya girme ka, Sallau. Yaya za a ce shekararsa goma?"

"Baba, kasuwa ce fa, ba kotu ba."

"A bar shi da furfurarsa."

Bayan mako biyu Sallau ya zo da wani Alhaji Bagudu, mai bin garuruwa yana sayen tsofaffin agoguna yana turawa ƙasashen waje. Aka shimfiɗa tabarma a zaure da hantsi. Yalwa tana daga ciki, bayan labule, inda kunne ke kaiwa. Alhaji ya maƙala ɗan gilashi a ido ɗaya, ya duba, ya taya dubu ashirin.

Ku saurara. Malam Nomau ya ji tun yana ƙarami cewa bai halatta mai sayarwa ya ɓoye aibin hajarsa ba. Bai yi zurfi a karatu ba, saboda haka bai san hanyoyin da masu zurfin karatu ke bi su kewaye wannan magana ba. Ya ɗauke ta yadda aka faɗa.

Ya ce, "Alhaji, kafin mu yi nisa, akwai aibi. Na farko, fuskar nan fara ce a da. Rana ce ta ƙona ta."

Sallau ya taka masa ƙafa. Alhaji kuwa ya yi murmushi.

"Malam, wannan ƙunar ita ake nema. Fenti ana sayensa a kanti, amma shekara sittin ta rana ba ta da kanti. Dubu talatin."

"Na biyu, jikinsa duk ƙarzuna ne. Ban taɓa kai shi an goge ba."

"Allah Ya yi maka albarka da ba ka kai ba! Da an goge shi, da an goge rabin kuɗinsa. Talatin da biyar."

Sallau ya janye ƙafarsa, ya ce, "Ai abin da nake ta gaya wa Baba ke nan. Na ce kada a taɓa shi."

"Na uku, madaurin ya tsage, ni na ɗinke shi da zaren buhu."

"Madaurinsa na asali ne? Arba'in. Kada ka ƙara faɗin aibi, Malam, za ka talauta ni."

Alhaji ya sa ɗan ƙarfe ya buɗe bayan agogon, ya ga injin na juyawa, ya ga sunan kamfanin a jikinsa, ya rufe. Ya ciro kuɗi ya ajiye a tabarma. Idanu biyu ke nan, har da kuɗin mota, har da ragowar da za a gyara rufin ɗaki.

Jama'a, a nan ne zaure ya yi tsit. Malam Nomau yana jin bugun agogon a tafin Alhaji, sai bugun ya ɗauke shi ya mayar da shi wata damina mai nisa. Ga shi saurayi, ga mahaifinsa ya sunkuya bakin rijiyar tasha, ga agogo ya sulluɓe yana juyawa a iska, yana walƙiya, ruwa ya haɗiye shi. Kwana uku kafin a tsamo shi. Ga mai gyara a ƙarƙashin rumfa yana girgiza kai, yana cewa tsatsa ta kama injin. Ga shi yana ciro wani inji daga cikin wani agogo na kamfani ɗaya, wanda fuskarsa ta fashe, yana dasawa. Mutum uku suka ga wannan aiki. Biyu suna maƙabarta.

"Akwai na huɗu," in ji Malam Nomau.

Sallau ya matso ya raɗa masa, "Baba, don girman Allah! Ya buɗe, ya gani da idonsa. Ba a tambaye ka ba. Shiru ai ba ƙarya ba ne."

Malam Nomau ya dubi labule. Labulen bai motsa ba. Ya dubi kuɗin. Ya sake dubansu, domin shi ma mutum ne, ba dutse ba.

"Alhaji, injin da ke ciki ba nasa ba ne. Na ɗan'uwansa ne. Nasa ya mutu a rijiya."

Alhaji Bagudu ya cire gilashin daga idonsa. Ya dubi Malam Nomau.

"Ka san da ba ka faɗa ba, ni ban isa in gane ba? Sai dai can, in wani ya zauna ya gwada lambar inji da ta jiki. Wataƙila ma ba mai gwadawa."

"Ni na sani."

"To, gaskiya ta haifi gaskiya. Masu sayen irin wannan, abin da suke biya shi ne komai nasa ne tun daga haihuwa. Yanzu fuska da jiki kawai zan saya. Dubu goma sha uku, kuma wallahi na yi maka adalci."

Waɗanda suka saba jin irin wannan labari suna jiran in ce Alhaji ya fashe da kuka, ya ninka kuɗin. Bai ninka ba. Ɗan kasuwa ne, ya kwashe dubu ashirin da bakwai ya mayar aljihu, ya yaba wa Malam Nomau ƙwarai da gaske, yabon da ba a karɓarsa a asibiti. Sallau ya karɓi la'adarsa yana ƙunƙuni, yana cewa bai taɓa ganin mutumin da ya yi ciniki da kansa ya kuma ci kansa ba.

Da Malam Nomau ya shiga gida, Yalwa ta ce, "Na ji duka."

"Ido ɗaya ne, Yalwa. Ki yafe mini."

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Sannan ta ce, "A yi na dama. Ta nan kake zama."

Aka yi aikin. Ranar da aka cire audugar, nonon ya janye daga rabin ƙwarya. Ta ga ganyen darbejiya ɗaya bayan ɗaya. Ta ga mijinta. Ta ce, "Ashe haka ka tsufa, Malam, ba wanda ya gaya mini?" Sai idonta ya sauka a wuyan hannunsa, inda fata ta yi fari, zagaye, daidai gurbin agogo. Ta kama hannun ta kara a kunnenta. Jijiya na bugawa.

"Yana nan tafe," in ji ta. "Ya baro gada."

To, ku saurara, ga abin da ake nufi. Faɗin aibin da mai saye zai gani da kansa ba gaskiya ba ce, ladabi ne. Gaskiya ita ce aibi na huɗu, wanda shaidunsa suka mutu, wanda ba a tambaye ka ba, wanda faɗinsa zai taɓa na cikin gidanka. Kowannenmu yana da irinsa. Kai mai sayar da babur, ka san abin da makanike ya yi wa injin. Kai mai sayar da fili, ka san inda ruwa ke kwana da damina. Kai mai tunkiya, ka san tarin da take yi in gari ya waye. Kuma kada wani ya ce muku gaskiya kyauta ce, ko ana biyan ladanta a ƙarshen wata. Wanda ke biya ba Ya bin ranakun albashi, amma ba a taɓa jin fayil ya ɓace a wurinSa ba.

Ga abin da ta ci wa Malam Nomau: naira dubu ashirin da bakwai, agogo ɗaya na gado, rufin ɗaki, wanda ya ci gaba da yoyo damina huɗu, da idon Yalwa na hagu, wanda ta koma ga Mahaliccinta da shi a rufe.