Sunan da Murja Ta Ƙi Cirewa

Ku gyara zama ku ji wannan da kyau, don in na gama ku zan bar wa shari'ar.

A wani babban gari akwai ma'ajiyar jini, inda asibitoci sama da talatin ke neman taimako in haihuwa ta zo da gardama ko mota ta kife. Duk wanda ya taɓa ba da jini, sunansa yana cikin rumbun bayanai na kwamfuta, da irin jininsa da unguwarsa da lambar wayarsa. Shekara ashirin ana zubawa ba a taɓa kwashewa ba. Dalili kuwa, ma'aikatan wurin suna da wata al'ada. In aka zo aka ce wane ya rasu, hannunsu ba ya iya goge sunan mutumin da ya ba da jininsa kyauta. Sai su rubuta "Allah ya jiƙansa" a gurbin ƙarin bayani, su bar shi inda yake. Kwamfuta kuwa ba ta san addu'a ba, a wurinta duk suna raye.

A kwana a tashi rumbun ya yi nauyi. Tambayar da a da ake amsawa kafin a ƙifta ido ta koma sai an jira rabin awa. Abin da ya fi ɗaga hankali, in an nemi jini sai saƙo ya fita zuwa wayoyin matattu. Mace ta gama takaba tana shara a tsakar gida, sai ta ga an rubuto wa mijinta wai ya taimaka ya zo. Kashe rumbun a gyara kuma ba zai yiwu ba, ko na minti biyar, don ba wanda ya san a wane minti rai zai zo nema.

Sai aka ɗauko mata uku masana kwamfuta, ƙawaye ne tun jami'a, aka ce su gyara shi yana aiki.

Ta farko Rakiya. Ita ta gina sabon rumbu a gefen tsohon, ta dinga kwafo sunaye kaɗan-kaɗan don kada tsohon ya ji nauyi ya tsaya, tana jera su bisa irin jini da unguwa.

Ta biyu Talatu. Tunda ana kwafa ana ci gaba da rubutu a tsohon rumbu, ita ta kafa tarkon da ke kama duk wani canji, ko lambar waya ce aka gyara, ya kai shi sabon wuri nan take.

Ta uku Murja, ita aka ba aikin da kowa ya guda: raba matattu da rayayyu. Addu'o'in kowa da irin rubutunsa, dole sai mutum ya bi da ido. Kwana tara ta yi a ɗakin na'urori, sanye da rigar sanyi a tsakiyar bazara, ba abin da take ji sai gunjin fankoki, tana karanta "Allah ya jiƙansa" har sau dubu huɗu. Ƙa'idar da aka ba ta ɗaya ce: duk sunan da aka yi wa addu'a, a kai shi ma'ajiyar sunayen matattu, inda ba za a ƙara kiransa ba.

A rana ta tara ta iso kan wani suna, Haladu Mai Faci. Jininsa irin mai wuyar samu ne, wanda a garin kaf ba su fi a ƙirga da yatsu ba. An yi masa addu'a shekara shida da suka wuce. Amma a ƙarƙashin addu'ar, duk bayan wata huɗu, akwai shaidar ya zo ya ba da jini. Gurbin sunan ma'aikacin da ya karɓa kuwa fanko ne, duk sau goma sha takwas ɗin.

Nan take Murja ta kira Talatu ta nuna mata.

Talatu ta duba, ta ce, "Ɗazu da hantsi tarkona ya kama canji a kan sunan nan. An sauya lambar waya. Ban ga wanda ya sauya ba, amma na kai shi yadda na kai sauran."

"Ƙa'ida ta ce in cire shi," in ji Murja.

"To cire shi mana."

Murja ta ɗora yatsa a kan maɓallin cirewa, ta ɗauke. Tsoro take ji, ba ta ɓoye ba, amma ta ce a ranta mutumin da yake ta zuwa ba ita za ta rufe masa ƙofa ba. Ta bar shi cikin rayayyu, ba ta faɗa wa shugaban wurin ba.

Washegari Juma'a, ana shirin tafiya masallaci, wani asibiti ya bugo. Wata mata ta haifi 'ya mace, jini ya ɓalle mata, kuma nata irin mai wuyar nan ne. Likita ya ce in aka wuce awa ɗaya sai dai haƙuri. Aka tambayi tsohon rumbu, ya yi ta juyi ya kasa cewa komai. Sai ranar Litinin aka shirya komawa sabon, amma Rakiya ta ce ba za a jira ba. Cikin numfashi guda ta juya asibitocin nan duka zuwa sabon rumbu, ba tambayar da ta faɗi a hanya. Amsa ta fito nan take. Sunaye shida: uku sun bar gari, biyu wayarsu a kashe, sai Haladu Mai Faci.

Saƙo ya fita zuwa sabuwar lambar. Ba a amsa ba.

Kafin minti ashirin wani dogon mutum ya shigo ma'ajiyar, baƙin mai a faratansa, ya miƙa hannu ba tare da ya yi sallama ba. Malamar da ta ɗebi jinin ta ce hannunsa sanyi ƙalau kamar randa. Aka gwada jinin, lafiya lau. Aka juya a ba shi lemo, kujera ba kowa. Mai jego ta rayu.

Murja ba ta iya barin abin haka ba. Ranar Lahadi ta bi kwatance har gidan Haladu. Wata dattijuwa ta fito, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "'Yar nan, a soron nan aka yi masa wanka, shekara shida ke nan. Kuma ba ke ce ta fara zuwa yi masa godiya ba." Murja ta buga sabuwar lambar a tsaye a wurin, aka ce mata babu irin wannan lambar. Ni dai ban ce muku ga abin da ya zo ba, abin da aka gani na faɗa.

Ana jibi suna, mijin matar ya zo ma'ajiyar. Ya ce wanda ya ba da jinin namiji ne, kuma bai san inda zai same shi ba, don haka zai sa wa 'yar sunan wadda ta yi sanadi a cikin matan uku. Suna ɗaya za a raɗa.

Ba don Rakiya ba, da har yanzu tsohon rumbu yana juyi, amsa ta zo bayan an rufe mai jego.

Ba don Talatu ba, da saƙon ya tafi tsohuwar lambar da ta mutu tare da mai ita, don ita ta kai canjin nan duk da ba ta san hannun da ya rubuta shi ba.

Ba don Murja ba, da sunan yana can cikin matattu inda ba a kira. Sai dai ita ƙa'ida ta karya, kuma ko ita kanta har yau ba ta san wa ta bar wa ƙofa a buɗe ba.

To, ga jaririya a zani, ga liman yana jira. Sunan wace ce a cikinsu ya kamata a raɗa mata?