Mai Hoto da Katin da Ya Fi Ƙarfin Janaretansa

Akwai wani mutum mai ɗaukar hoto a wani gari. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin tasha, amma in ka ji shi yana ba da labarin shagon, sai ka ɗauka bene ne. Ya daɗe yana marmarin kwamfuta irin ta kan tebur, wadda zai riƙa gyaran hotuna da ita da safe, da yamma kuma samarin tasha su biya su buga wasan ƙwallo a kanta. Kuɗinsa kuwa kaɗan ne.

Ana nan sai ƙanin matarsa da ke aiki a Turai ya aiko masa da katin hoto, wato abin da ake sa wa kwamfuta domin hotuna da wasanni su fito tar ba sarƙewa. Ƙaton kati ne mai fanka uku. A makon nan kuma zumuntar mata ta ikkilisiyarsu ta ba shi aikin kalanda: mata tamanin, kowacce sai an gyara hotonta, a kai wa masu bugawa ran Juma'a. Shugabar zumuntar surukarsa ce, uwar wanda ya aiko da katin. Ta riga ta gaya masa cewa in ya saɓa, aikin zai koma hannun wani, ita kuma ba za ta ƙara tsaya masa ba.

Sai ya naɗe katin cikin tawul kamar jariri, ya kai wa wata mace mai suna Afiniki, wadda take haɗa kwamfuta a kasuwa. Ya ce, "Injiniya, ga ango na kawo miki. Ki nemo masa abokai masu araha."

Afiniki ta juya katin, ta karanta rubutun jikinsa. Ta ce, "Kaya ne mai kyau. Da wace wuta za ka kunna shi?"

"Wutar da kowa ke kunnawa mana."

"Sau nawa kuke ganin wuta a mako a unguwar tasha?"

Mai hoto ya yi tari. "Ina da janareta."

"To, mu je in gaishe shi."

Ta sa katin cikin kwamfutar da take gwaji da ita, ta ɗauke ta, ta rufe shagonta da rana tsaka, ta bi shi har tasha. Janaretan ƙarami ne, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Ta sa ya tayar da shi, ya kunna fanka da injin buga hoto kamar yadda yake yi kullum, sannan ta buɗe wasan ƙwallo. 'Yan wasa suna fitowa fili, janaretan ya fara nishi. Kafin a buga ƙwallon farko ya yi shiru.

"Mai ne ya ƙare," in ji mai hoto.

Afiniki ta buɗe tankin, ta matsa gefe domin ya leƙa da kansa. Cike yake.

Sai ta ce masa, "Katin nan yana cin wutar da ta fi ƙarfin injinka. In na bi son ransa, sai na sayo masa babban akwatin wuta mai raba wa kwamfuta lantarki da babban gidan da zai zauna a ciki, kuɗin da ya rage kuma ba zai sayi kayan kirki ba. Ran Juma'a kana da ango, ba ka da kalanda."

"Kyautar suruki ce fa. Mama za ta tambaya."

"Za ta tambaya ko ta yaya. Ka zaɓi tambayar da za ka iya amsawa."

Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya miƙa mata tawul ɗin ma gaba ɗaya.

Afiniki ta san wani mai haɗa fina-finai da yake da wutar sola, ta yi musanyar katin da shi. Ta karɓo matsakaicin kati da ciko. Da cikon ta zaɓi farantin da kome ke hawa a kai, da ƙwaƙwalwar da ta dace da gurbinsa daidai ba sai an danna da ƙarfi ba, da ram, wato abin da ke ƙara wa kwamfuta sauri, guda biyu iri ɗaya. A kan akwatin wuta ta ƙi yin araha ko kaɗan. Mai hoto ya so a sa masa fitilu masu launi a ciki, ta ce fitila ba ta gyara fuskar kowa.

Ran Juma'a da safe surukarsa ta zo. Ba wuta a unguwa, janaretan yana ta aikinsa lafiya. Ta leƙa cikin kwamfutar, ta ce, "Baban Kauna, ina abin da ɗana ya aiko?"

Ya gaya mata gaskiya, yana kallon ƙasa. Ya buɗe mata kalandar, mata tamanin ba wadda aka bari, ita tana tsakiya. Ta sa tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Zan gaya wa ɗana abinsa ya yi aiki. Kai kuma ka ɗan rage mini wannan kumatun kafin ka kai."

Ma'anar wannan misali ita ce, ba kowane abu mai kyau ne naka ba. Katin nan ba shi da laifi, janaretan ma ba shi da laifi, zama tare ne ba za su iya ba. Ku dubi Afiniki. Da ta karɓi kuɗi ta haɗa masa abin da ya ce, ba wanda zai zarge ta, amma ta rufe shagonta ta je ta ga ƙarfin gidansa tukuna. Haka Ubangiji yake yi da mu. Ya san abin da kowannenmu zai iya ɗauka, shi ya sa wani lokaci yakan karɓe babban abin da muke rungume da shi, ya kai inda zai yi amfani, mu kuma ya ba mu wanda za mu gama aiki da shi.

Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma idona yana gani daga nan har benci na ƙarshe a majami'ar nan. Akwai wanda yake so ya shugabanci mawaƙa, alhali shi ne ya fi kowa iya shirya kujeru, ran da bai zo ba kuwa dukanmu a tsaye muke. Akwai kwamitin da kuka cika da manyan mutane biyar, wata shida ke nan ba su iya yin zama ko ɗaya ba. Ban kira suna ba, kada wani ya tare ni a ƙofa.

In wani ya ce maka abin nan ya fi ƙarfinka, kada ka yi saurin cewa hassada ce. Ka tambaya ko ya zo ya ga gidanka. In ya zo, ka saurare shi. Ubangiji ya ba mu irin waɗannan mutane, ya kuma ba mu zuciyar sakin abin da ba namu ba. Amin.